Amshi Gadon Zamfara Ne, Kada Ya Ƙare a Faifai

A shekarar 2000 al'ummar Ceroki da ke jihar Oklahoma ta Amurka ta kafa ƙungiyar matasa masu rera waƙa tare da harshensu na gado. Kakanninsu ne aka kora daga ƙasarsu ta asali a tsakanin 1838 da 1839, dubbai suka mutu a hanya. A yau waɗanda suka iya harshen sosai ba su wuce 'yan dubbai ba, galibinsu tsofaffi. Dabarar da suka ɗauka ita ce sanya harshen a bakin yara ta hanyar waƙar taro, domin abin da yaro ya rera da tsaransa yakan zauna masa.

Zamfara ba baƙuwa ba ce ga wannan hikima. Waƙar fada da ta noma a wannan yanki aikin ƙungiya ne: jagora ya kafa gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, su yi masa ƙari da rakiya. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, da irin wannan ƙungiya ya kai ga zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a bayan yayansa Abdu Kurna ya goge kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ke nan amshi makaranta ce, a cikinta yaro ke koyon karin sauti da Zamfarci da tarihin garuruwa.

Wannan makaranta ce take shirin rufewa. Mawaƙin zamani kan shiga ɗakin ɗaukar sauti shi kaɗai, na'ura ta ninka masa murya. Sannan hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a ƙasashen Tsafe da Bunguɗu, iyalai suka kwararo Gusau. Yaron da ya tashi a gudun hijira bai ga gayya ba, balle ya ji waƙar da ake yi mata.

Mai musu zai ce Hausa ba ta cikin haɗari kamar harshen Ceroki, tunda masu magana da ita miliyoyi ne. Gaskiya ne. Sai dai karin harshe yana iya ɓacewa alhali uwar harshen tana bunƙasa, kuma Zamfarci na ja da baya a gaban Hausar fim da rediyo. Wani kuma zai ce waƙa roƙo ce, bai dace da ɗalibi ba. Amma ɗaliban Islamiyya sun daɗe suna rera ƙasidu tare a bukukuwan sauka, ba wanda ya kira su maroƙa.

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aikin taskace waƙoƙin a rubuce. Abin da ya rage shi ne rayar da su a baki. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ta haɗa hannu da masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu a kafa ƙungiyoyin amshi a makarantu, a ɗauki tsofaffin 'yan amshi su koyar, a biya su hakkinsu. A fara da yaran da aka raba da garuruwansu, su rera sunayen ƙauyukansu da Hausar iyayensu. Malaman da za su yi wannan aiki shekarunsu sun ja, jira ba zai amfana ba.