Ƙofa 100 a ƙaramin ɗaki

Mutanen Maiurno da Sinja sun san halin intanet tun katsewar Fabrairun 2024: yau akwai, gobe babu. Da ya dawo, saƙonnin imel da suka taru sai su rufto wa sabar ofis lokaci guda. Manhajar Postfix kuwa, in ba a taɓa saitinta ba, ƙofa 100 take buɗe musu, kowace na cin rabonta a ƙwaƙwalwar na'ura. Ƙaramar kwamfuta sai ta shaƙe ta sume, takardar ɗalibi ta maƙale.

Ni dai a ganina, masu kula da sabar nan, ku rage adadin, kar ku ƙara. Saƙon da aka ce ya dakata ai ba ya ɓata. Sabar da ta aiko shi takan yi ta sake gwadawa har kwana 5.