Masu Ɗaga Tutar Rasha, Ku Tambayi Mutanen Somaliya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A watan Agustan 2024, lokacin da yunwa da tsadar rayuwa suka fito da jama'a kan tituna, an ga matasa a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha suna kiran ta zo ta cece su. Kafin nan, a 2023, an ga irin wannan tuta a titunan Yamai. Ba mu musun cewa abin da ya fito da su gaskiya ne, domin yunwar da ta ci su ta ci mu, kuma ba mu da wani uzuri da za mu ba Faransa ko Amurka a kan ɓarnar da suka daɗe suna yi a wannan nahiya. Amma ya kai ɗan uwa, kafin ka kai wa tela kuɗin abincinka ya ɗinka maka tutar wasu, tsaya ka ji yadda aka ƙare da wata al'ummar Musulmi da ta riga ka shiga wannan inuwa.

'Yan mulkin mallaka sun yayyanka ƙasar Somalawa gida biyar. Ingila ta ɗauki arewa, Italiya ta ɗauki kudu, Faransa ta riƙe Jibuti, aka haɗa wani yanki da Kenya, aka bar wa Habasha yankin Ogaden. Shi ya sa tauraron da ke tutar Somaliya yake da tsini biyar. Tun da ƙasar ta samu 'yanci a 1960 ba ta da wani buri da ya wuce haɗa kan waɗannan yankuna. To, ta wannan ƙofa ce manyan ƙasashe suka shigo, a zamanin da ake kira na yaƙin cacar baka, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba duniya kamar naman watanda.

Ita Habasha ta Sarki Haile Selasi tana hannun Amurka, wadda tun 1953 ta ƙulla yarjejeniya da ita, tana ba ta makamai, ita kuma tana riƙe da sansanin leƙen asiri a Asmara. Ganin haka sai Somaliya ta karkata ga Mosko. Da Janar Siyad Barre ya ƙwace mulki a Oktoban 1969, shekara na zagayowa ya shelanta cewa gurguzu ne tafarkin ƙasarsa. A 1974 ya sa hannu a yarjejeniyar abota da Tarayyar Sobiyet. Aka cika masa rumbu da tankoki da jiragen yaƙi, aka turo masa masu ba da shawara, shi kuma ya buɗe musu tashar jiragen ruwa ta Berbera, a bakin hanyar da man fetur ke bi zuwa Turai.

Me wannan abota ta fara ci? Addini ta fara ci. A Janairun 1975 gwamnatin ta fito da dokar iyali wadda ta sauya rabon gado daga yadda Alƙur'ani ya tsara shi. Malamai suka tashi a masallatan Mogadishu suka ce ba su yarda ba. Kafin watan ya ƙare an tsayar da goma daga cikinsu an harbe. A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne aka yi wannan, kuma ba a ji manyan abokan nan sun ce uffan ba, domin su a wajensu ci gaba ne aka samu.

Ana nan sai al'amura suka juya a Habasha. Sojoji suka tumɓuke Haile Selasi a Satumban 1974, Mengistu Haile Maryam ya haye kan kujera a Fabrairun 1977, ya kori Amurkawa daga sansanoninsu, ya ce shi ma ɗan gurguzu ne. Mosko ta zauna ta yi lissafi irin na ɗan kasuwa: ga Habasha mai yawan jama'a ninkin-ba-ninkin, ga Somaliya 'yar ƙarama. Fidel Kastiro na Kyuba ya tara shugabannin biyu a birnin Aden a watan Maris na shekarar don ya sasanta su, abin ya ci tura. A watan Yuli Siyad Barre ya tura rundunarsa Ogaden da makaman Sobiyet, kafin ƙarshen Satumba ya kama Jigjiga da mafi yawan yankin.

To, a nan ne abokin ya nuna ainihin fuskarsa. Tarayyar Sobiyet ta tsayar da ba Somaliya makamai ta koma bayan Habasha. A Nuwamban 1977 Siyad Barre ya fusata ya yaga yarjejeniyar, ya kori 'yan Sobiyet, yana tsammanin Amurka za ta rungume shi, tunda gwamnatin Jimi Kata ta nuna masa alamar za ta ba shi makamai. Amurka ta noƙe. Ita kuwa Mosko ta yi ta jigilar makamai ta sama da ta ruwa zuwa Habasha, na kimanin dala biliyan ɗaya, aka kawo sojojin Kyuba wajen dubu 15, aka turo Janar Basili Petrob ya tsara yaƙin. Ka duba wannan al'amari da kyau, ɗan uwa. Ƙasar da ta gina rundunar Somaliya, ta san yawan tankokinta, ta san inda take da rauni, ita ce ta tsara yadda za a murƙushe ta. A Maris ɗin 1978 Jigjiga ta faɗi, sojan Somaliya ya janye a karye, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka biyo bayansa.

Maimakon a ɗauki darasi, sai aka sake ubangida. A 1980 Amurka ta samu izinin amfani da Berbera, wato wurin da 'yan Sobiyet suka gina, ta fara ba Siyad Barre makamai da kuɗi. Ana gudun gara an faɗa gidan zago. Mutumin da ya sha kaye a waje ya juyo da bindiga kan mutanensa, yana haɗa wannan ƙabila faɗa da waccan. A 1988 jiragen yaƙin gwamnati suka riƙa tashi daga filin jirgin Hargesa suna ruwan bama-bamai a kan birnin Hargesa ɗin kansa. Dubun-dubatar Musulmi suka halaka a arewacin ƙasar.

Da yaƙin cacar baka ya zo ƙarshe, masu gida suka watsar da yaransu. Siyad Barre ya tsere daga Mogadishu a Janairun 1991, Mengistu ya gudu Zimbabuwe a watan Mayu, ita kanta Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamba. Abin da aka bar wa Somalawa shi ne rumbunan makaman Gabas da na Yamma a hannun madugan yaƙi, da yunwar 1992 wadda aka ƙiyasta ta ci rayuka wajen dubu 300. Shi kuwa Janar ɗin, a nan Legas ya mutu a Janairun 1995, yana ɗan gudun hijira. Babu Mosko, babu Washinton.

Wani zai ce ai Rasha ta yau daban take da Sobiyet ta jiya. To, wa ya mai da Girozni, babban birnin Musulmin Ceceniya, kufai a 1995, ya sake a 2000? Sobiyet ta riga ta mutu a lokacin. Kuma a nan kusa da mu, a garin Mura na ƙasar Mali, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Maris ɗin 2022 sojojin ƙasar tare da wasu fararen fata masu makamai sun kashe aƙalla mutum 500, a daidai lokacin da sojojin hayan Rasha ke aiki da rundunar Mali. Wani kuma zai ce maƙiyin maƙiyinka ai abokinka ne. Wannan lissafin ne Siyad Barre ya yi har sau biyu, kuma mun ga inda ya kai shi.

Mu ba mu hana wata ƙasa ciniki ko hulɗa da kowa ba, kuma korar sojan mamaya abin yabo ne a duk inda aka yi shi. Abin da muke ƙi shi ne a kori wani ubangida da hannun dama a yafito wani da hagu, a kira wannan 'yanci. Babbar ƙasa ba ta ba da bindiga sadaka. Tana neman tashar ruwa, ko ma'adini, ko ƙuri'a a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ranar da ta samu mai biya fiye da kai, ranar za ta sayar da kai. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba banza ba Allah Maɗaukaki Ya misalta dogaro ga wani majiɓinci baicinSa da gidan gizo-gizo.

Saboda haka, ya ku matasa, in za ku tsaya a gaban azzalumi ku tsaya da sunanku da aƙidarku. Ku nemi ilimi, ku san tarihin 'yan uwanku na Ogaden da Hargesa, ku riƙe sana'a, ku ƙi yarda a raba ku da sunan ƙabila kamar yadda aka raba Somalawa. Duk wanda ya miƙo maka tutar wata ƙasa ya ce ka ɗaga, tambaye shi wa ya biya kuɗin ɗinkin, kuma ina zai kasance ranar da aka fara harbi. Malaman nan goma na Mogadishu ba su da tanka ko jirgi, amma har yau da alheri ake ambatonsu, alhali wanda ya harbe su ya ƙare a ƙasar wasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya tsare mu daga zama itacen hura wutar wasu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.