Ɓarnar Abinci: Abin da Addinin Kirista Ya Ce

A wasu ƙauyukan Gwarzo da Kabo akwai Hausawa Kirista, galibinsu zuriyar Maguzawa, manoman dawa da gero da wake. Tambayar da ta kamata su yi wa kansu kowace kaka ita ce: shin zubad da abinci zunubi ne, ko kuwa sakaci ne kurum? Mu dai a ganinmu zunubi ne, kuma Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga shi cikakke da Hausa tun 1932, ya goyi bayan wannan magana.

A Linjilar Yohanna, sura ta 6, Yesu Almasihu ya ciyad da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu. Da kowa ya ƙoshi sai ya umurci almajiransa su tattara ragowar don kada kome ya salwanta, har aka cika kwando 12. To, jama'a, in wanda ya yawaita abincin bai yarda a bar gutsattsari a ƙasa ba, ina dalilin mai rumbu ɗaya da zai yi wasa da tsaba?

Amma a lura, laifin ba a kan tuwon yake ba, a kan hakkin maƙwabci yake. Shari'ar Musa ta hana manomi girbe gefen gonarsa ƙarƙaf, ta ce a bar wa matalauci da baƙo. Wannan ita ce kala da muka sani. Watau abin da ya fi ƙarfin cikinka rabon wani ne, ba na juji ba. A Linjilar Luka, sura ta 16, attajirin da aka hukunta ba sata ya yi ba, shagalinsa kawai ya yi alhali miskini yana kwance a ƙofar gidansa. Maƙwabtansu Musulmi ma sun san hanin da aka yi a kan almubazzaranci.

Wani zai ce, ai dan tuwon da ya kwana ba zai kashe kowa ba. Mai wannan magana ya manta da tarihi. Yunwar 1914 ta halaka mutane masu yawa a ƙasar Kano, farin 1972 zuwa 1974 kuwa ya ƙare dabbobi, ya bar rumbuna wayam. A 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan sulusin abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta kowace shekara. Iyayenmu mata sun fi mu hankali: tuwon dare ya zama ɗumamen safe, ƙanzo a shanya shi, dusa a ba dabba.

Lalle ba kowace hasara ce zunubi ba. Wanda ambaliya ko gobara ta cinye masa hatsi ba shi da alhaki. Mai alhaki shi ne wanda ya ga rumbunsa yana yoyo ya ƙi gyarawa, da wanda ya bar wake ga ƙwari alhali ga buhun PICS mai hana iska shiga, da mai biki ko Kirsimeti da ya dafa abin da ya san ba za a cinye ba don a ce ya isa. Haka kuma mai ɓoye hatsi yana jiran tsada har ya ruɓe.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta su koya wa yara ɗibar abin da za su iya cinyewa. Limaman coci su yi wa'azi a kan wannan tun kafin girbi. Akawu-akawun ƙananan hukumomi kuwa su riƙa duba hatsin da ke ɗakunan ajiya kafin gara ta riga su. Yusufu ya tanada hatsi shekara bakwai, shi ya sa Masar ta tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu hankalin tattalinta, amin.