Injiniya Ba Mai Gini Kaɗai Ba Ne

A garuruwanmu, da an ce injiniya sai hankali ya tafi ga mai hular kwano a bakin gini. Alhali fannin ya fi haka faɗi. Dubi madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo: injiniyan gine-gine ya tsara bangonta, na ruwa ya lissafa magudanan da ke shayar da gonakin Kadawa, na noma ya san yadda ruwan zai ratsa ƙasa. Ga kuma na lantarki, na sinadarai, na kwamfuta. Iyaye, mu daina tilasta wa kowane yaro likitanci. Yaron da ke kwance rediyo yana mayar da ita, a riƙe shi da lissafi, a ƙarfafa masa gwiwa. Ƙasar nan tana jiransa.