KA DAINA SAYEN BUSTA, BA DIKODARKA CE TA LALACE BA

Yau ba saitin waya na zo koya muku ba, faɗa na zo yi, kuma da kai nake, kai da ka sayi dikoda ta biyu a shekara ɗaya don hoton talabijin ɗinka yana daskarewa.

Abin da ya tayar min da maganar, wani dattijo ne maƙwabcinmu a nan Sukuntuni. Bayan kaka ya sayar da amfanin gona ya sayo talabijin da dikodar eriya, don iyali su riƙa kallon labarai da wa'azi. Hoto ya zo kwana biyu, daga nan sai tsinkewa, fuskar mai karanta labarai ta farfashe gida-gida kamar an yanka alkaki, murya tana sarƙewa, can sai allo ya rubuta "No Signal". Ya koma wurin mai shago, aka ce ai busta zai saya. Ya saya, ba ta canza zani ba. Aka ce to dikodar ce ta China, ga wata mai ƙarfi. Ya saya. Aka ƙara masa da wata 'yar eriya ta cikin ɗaki mai kama da faranti, wai tana jawo tasha daga ko'ina. Da na je na duba, kuɗin da ya kashe sun isa a kafa masa dish mai kyau har da canji. Wayar eriyarsa kuwa ɓera ya ci ta a wuri biyu, an naɗe da leda, ita kanta eriyar tana ɗaure a jikin gora ƙasa da rufin kwano. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan cuta ce, kuma rashin sani ne yake sa ta ci gaba. To bari mu warware ta.

ME YA SA HOTON DIJITAL YAKE ƊAUKEWA GABA ƊAYA?

Waɗanda suka yi kallon talabijin ta da sun tuna, in sigina ta yi rauni hoto yakan yi yashi-yashi, amma kana ganin mutum kana jin magana, a haka ake lallaɓawa. Dijital ba ta san lallaɓawa ba. Hoton yana zuwa ne a matsayin lambobi, dikoda ta harhaɗa su. In lambobin da suka iso sun isa, hoto tas. In suka gaza ko da kaɗan ne, sai daskarewa ko baƙin allo. Shi ya sa za ka ga da safe lafiya lau, da yamma babu. Kana zaune ne a bakin gaɓa, abu kaɗan yake tura ka.

Abu na biyu, ka bambance iri biyu da mutane suke cakuɗawa. Akwai dijital ta ƙasa, wadda ake kira DVB-T2, tana zuwa daga dogon ƙarfen tasha zuwa eriyarka, irin GOtv da dikodar eriya ta StarTimes. Akwai kuma ta tauraron ɗan adam, DVB-S2, wadda take saukowa kan dish, irin DStv da dikodar dish ta StarTimes da risibobin tashoshin kyauta. Ta ƙasa tana tafiya kusan a miƙe, nisa yana cinye ta, tudu da bishiyoyi da gini suna tare ta. Garin Kankia kansa ya fi kilomita 50 daga Katsina, Kano kuma kusan 100. Don haka mutumin Sukuntuni ko na ƙauyukan Kusada da yake neman sigina ta ƙasa, daga nesa yake roƙonta. Mai shagon da ya sayar maka da eriyar cikin ɗaki ya san haka, ko kuma bai san sana'arsa ba. Ko wanne ne, kuɗinka ne suka tafi.

MAGANAR BUSTA

Busta ba ta ƙirƙirar sigina. Abin da ta samu shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau. In abin da eriyarka ta kamo hayaniya ce, hayaniyar za ta ƙara. Kamar ka ba mai mura lasifika ne, muryar za ta yi ƙarfi amma ba za ta washe ba. Inda take da amfani shi ne eriya ta kamo sigina mai kyau a sama, amma waya ta yi tsawo ko an raba ta ɗaki biyu uku, to nan sai a sa ta can kusa da eriyar. Wadda ake liƙa maka a bayan talabijin, bayan sigina ta gama zubewa a hanya, asarar kuɗi ce.

Kada ka yarda da ni haka nan, ka gwada da kanka. Ɗauki rimot, shiga Menu, nemi wurin da aka rubuta Signal ko Installation. Za ka ga layi biyu, Strength da Quality. Na farko ƙarfin abin da yake shigowa ne, na biyu tsabtarsa. Quality shi ne mai magana. In ka sa busta Strength ya haura amma Quality yana nan inda yake, ko yana hawa yana sauka, to an sayar maka da iska.

SU MA NA SAMA SUNA DA LAIFI

Ba mai shago kaɗai zan kama ba. Tun 2006 aka yi yarjejeniya a Geneva ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, cewa ƙasashen yankinmu za su koma dijital kafin 17 ga Yuni 2015. Najeriya ta sa wa kanta 2012, ta wuce. 2015 ta zo ta wuce. Aka ce 2017, ita ma ta wuce. An ƙaddamar da shirin FreeTV a Jos a watan Afrilu 2016, sai Abuja a ƙarshen shekarar, sai Ilorin da Kaduna a 2017, Enugu da Osogbo a 2018, Legas da Kano a 2021. Duba jerin nan da kyau, ka ga Katsina? Ko a jihohin da aka yi bikin, manyan birane ne suka fi amfana. Yanzu hukumar NBC da kanta ta koma maganar haɗa gwiwa da NIGCOMSAT don a bi ta tauraron ɗan adam. Allah Ya sa a dace. Amma kai da kake ƙauye, zaman jiran ranar da sigina ta ƙasa za ta cika maka ɗaki jiran gawon shanu ne. Gara ka yi abin da yake hannunka.

KAFIN KA KASHE KO SISI, YI WAƊANNAN

1. Kashe dikoda daga soket kafin ka taɓa kowace waya. Risibar dish tana tura wuta ta cikin wayar zuwa LNB, wato kan nan da yake fuskantar farantin. In siraran wayoyin gefe suka taɓa ta tsakiya tana kunne, za ka iya ƙona ta.

2. Bi wayar daga bayan talabijin har sama. Nemi inda ɓera ko akuya ta ci, inda ƙofa ta matse, inda aka yi haɗi da leda. Haɗi ɗaya marar kyau ya isa ya kashe maka kallo. In za ka canza, nemi RG6 mai kyau, guda ɗaya miƙaƙƙiya ba haɗi.

3. Kwance kan wayar ka duba. In ka ga tsatsa ko kore-kore, ruwan damina ya shiga. Yanke wurin, sa sabon kai, naɗe da salatif ta yadda ruwa ba zai sake shiga ba. Wannan gyaran ɗan kuɗi kaɗan ne, kuma shi ne yake warkar da gidaje da yawa.

4. In an raba wayar zuwa ɗakuna, cire abin rabawar ka gwada da talabijin ɗaya. Duk rabawa biyu tana ɗauke fiye da rabin ƙarfin sigina.

5. Mai eriya, fitar da ita waje, ɗaga ta sama da rufin kwano a kan bututun ƙarfe, ka juya ta a hankali wani yana kallon Quality yana faɗa maka. Juya kaɗan, tsaya, jira lambar ta zauna. Ka yi nesa da wayar NEPA, don Allah. An rasa rayuka a wajen ɗaga eriya.

6. Mai dish, girgiza shi da hannu. In yana motsi, to iskar farkon damina ta riga ta kautar da shi. Tauraron yana can sama kusan kilomita 36,000, kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa ta ɓatar da shi. Dish a jikin katangar ƙasa ba ya zama. A kafa bututu a ƙasa, a zuba siminti. Ka kuma duba darbejiyar da aka dasa shekara uku da suka wuce, ko ta girma ta tare masa gaba.

In ka yi duk wannan da eriya amma Quality ya ƙi zama, to ka haƙura, wurinku ba wurin eriya ba ne. Ba wata dikoda da za ta canza nisan garinku da tasha.

TO MENE NE MAFITA?

Ta farko, dish. Tauraro bai san birni da ƙauye ba, abin da yake sauka a GRA Katsina shi yake sauka a Sukuntuni. In ba ka da ƙarfin biyan kuɗin wata, risibar tashoshin kyauta ta ishe ka, sau ɗaya za ka saya. Akwai tashoshin Hausa da na addini da na labarai da ake kamawa ba biya. Kafin mai haɗawa ya hau, faɗa masa tashoshin da kake so, shi kuma ya faɗa maka tauraron da suke kai da girman farantin da ake buƙata. Kada ka biya shi sai ya nuna maka Quality a allo. In da hali ɗauki faranti mai santimita 90 maimakon 60, ya fi jure hadari.

Wani zai ce ai dish ɗin ma yana ɗaukewa in ana ruwa. Gaskiya ne, ruwa mai ƙarfi yana shanye irin siginar da ƙananan dish suke amfani da ita. Amma na minti kaɗan ne, hadari na wucewa hoto ya dawo. Kuma ma in ana tsawa, abin da ya kamata shi ne ka kashe ka zare wayar dish da ta wuta. Rasa rabin shiri ya fi rasa talabijin.

Ta biyu, wayar da take hannunka. Yawancin fina-finai masu dogon zango na Kannywood a YouTube ake sakinsu yanzu, BBC Hausa da sauran gidajen labarai ma suna can. Matsalar data ce, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. To kada ka bar YouTube ta zaɓa maka ingancin hoto. Danna alamar saiti a kan bidiyon, shiga Quality, zaɓi 360p. A kan 720p awa ɗaya tana iya cin 1GB ko fiye, a 360p kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na hakan, kuma a allon waya bambancin bai taka kara ya karya ba. In sabis ɗin gidanku yana da rauni, sauke abin da kake so lokacin da ka shiga Kankia, ko da dare da garaɓasar data, ka kalla a gida a tsanake.

Ta uku, wadda mutane suka fi mantawa da ita: ramin USB da yake jikin talabijin ko risiba. Zuba karatu ko fim a filas, soka, danna Media ko USB a rimot, duk gida a kalla ba data ba sigina. In talabijin ɗinka mai wayo ce, nemi Cast ko Smart View ko Screen Mirroring a wayarka, abin da yake kan waya zai fito a babban allo. Amma kada ka yi saurin sayen igiyar nan ta Type-C zuwa HDMI. Yawancin ƙananan wayoyin da muke riƙewa ba sa fitar da hoto ta ramin caji, sai ka saya ta zama igiyar shanya. A gwada a shago a gabanka tukuna.

Ƙwallo kuwa, in wasa ɗaya ko biyu kake kallo a mako, gidan kallo ya fi maka sauƙi a kan biyan kuɗin wata alhali rabin watan ba wuta.

GARGAƊI NA ƘARSHE

Akwai manhajojin da ake yaɗawa a guruf-guruf na WhatsApp, wai ka sauke ka kalli duk tashoshin kuɗi kyauta, wasu har da cewa ba data. Ƙarya ce. Wayarka ba ta da na'urar kama tauraro, duk hoton da ya shigo ta intanet data ya ci. Ka lura da abin da suke nema in ka saka su: izinin karanta saƙonninka, lambobin mutanenka, hotunanka. Me ya haɗa kallon ƙwallo da saƙon tes? A nan ne lambar sirrin da banki yake turo maka take sauka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka masu cewa ka kawo risiba a yi mata aikin da za ta buɗe tashoshin kuɗi har abada, yau ta buɗe, jibi kamfani ya canza makulli, kai kuma an bar ka da akwati.

Shi dattijon namu, mun canza waya, mun ɗaga eriya, Quality ya ƙi zama. Na faɗa masa gaskiya. Ya sayar da dikoda ɗaya, ya cika aka kafa masa dish a kan bututu da siminti. Damina guda ke nan yana kallo. Busta da 'yar eriyar faranti suna nan a kan taga, jikoki na wasa da su.

Don haka gobe in mai shago ya miƙo maka kwali ya ce wannan ce maganin matsalarka, ka tambaye shi abu ɗaya: in na kai gida Quality bai ƙaru ba, za ka karɓa ka ba ni kuɗina? Amsarsa za ta nuna maka ko wane ne shi.

Ka tura wa wanda ka san yana shirin sayen busta kafin ya shiga kasuwa. Allah Ya tsare mana ɗan abin da muka samu da gumi.