Kachalla: Ilimi Ya Samu, Saura Aiki

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Gwarinpa ta Abuja, in dai daga ƙasar Haɗeja ko Nguru ya fito, ba sai an gaya masa ɓarnar kachalla ba. Wannan ciyawa ta cinye fadamu, ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, ta raba masunta da kifi. Cikinta jan-baki ke kwana, gari na wayewa ya faɗa wa gero da shinkafa. Sauro ma nan ya yi gida.

Masana sun gano asalin cutar. A da, kogi yakan cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe, ciyawar ta mutu. Amma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa bai daina kwarara ba rani da damina. Abin da kachalla ke so ke nan.

Sun kuma gano magani. Ƙone ta aikin banza ne, domin saiwarta tana ƙarƙashin laka, da an kwana biyu sai ta sake tofowa. Amma in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, aka maimaita, saiwar takan rasa iska ta ruɓe. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, tare da masana daga Amurka da Sifen, ta gwada sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki. A Muritaniya da Senegal, inda ta yaɗu bayan gina madatsar Diama a 1986, har gawayi aka yi da ita.

To, ina amfanin binciken da ya tsaya a takarda? Lalle ne Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tsara sakin ruwa yadda fadamu za su riƙa bushewa a lokacinsu. Gwamnatocin Jigawa da Yobe kuwa su kai wa manoma kayan yanka da malaman gona.

Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu su ma suna da nasu aikin. Su rubuta wa wakilansu na majalisa, su yi ta tuni ba gajiya. Kowace gona da kachalla ta cinye, wani saurayi ne zai ɗaure kayansa ya bar iyayensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.