Mu yi musun ƙwallo, amma mu tuna hasashe ba sani ba ne



Duk wanda ya taso a cikin birni ya san cewa ba usur ɗin alƙalin wasa ne ke tashin wasa a Kano ba. Ana iya tashi a Landan ko Madrid ƙarfe goma na dare, amma a Mandawari da Yakasai da Koki da Ƙofar Wambai lokacin ne ma za a fara. Daga gidan kallo a zarce teburin mai shayi, daga nan a koma WhatsApp da Facebook da TikTok. Wa zai ɗauki Firimiya bana? Madrid ce ko Barcelona? Kocin can zai kai ƙarshen kaka kuwa? Osimhen ko Lookman, wa ya fi yi wa Super Eagles amfani? 'Yan ƙwallon kwando su ma suna da nasu: LeBron ne ko Jordan, wa zai ɗauki NBA? Har da 'yan tsirarun da intanet ta haɗa su da besbol, wasan Amurkawan nan da ake dukan ƙwallo da sanda a zagaye fili da gudu.

Ni ban ga laifin wannan musu ba. Yana haɗa ɗan makaranta da tela da mai sayar da waya a benci ɗaya, yana koya wa yaro kawo hujja, yana kuma ɗebe kewa a lokacin da rayuwa ta yi tsada. Abin da nake so mu duba yau shi ne wata kalma guda da ta shige mana baki: "tabbas". Wallahi tabbas za mu ci. Wannan wasan ai an gama shi. Daga wannan kalmar ne matsala take farawa, domin wanda ya ɗauki hasashensa a matsayin sani, shi ne zai ɗora kuɗinsa a kai, shi ne kuma zai zagi abokinsa ko ya jefi alƙalin wasa idan abin bai tafi yadda ya faɗa ba.

Mu ɗauki shekara ɗaya kacal, 2016, mu ga yadda ta yi da masana. A Ingila, Leicester City ta ƙare kakar da ta gabata a mataki na 14 bayan ta sha da ƙyar daga faɗuwa. Kamfanonin caca sun ƙiyasta damarta ta ɗaukar kofi a kan ɗaya cikin 5,000. A watan Mayu ita ce ta ɗaga kofin Firimiya a ƙarƙashin Claudio Ranieri, kuma a bazarar nan ne namu Ahmed Musa ya koma ƙungiyar. A Amurka, Golden State Warriors ta ci wasa 73 cikin 82, tarihin da ba a taɓa kafawa ba a NBA. A zagayen ƙarshe, inda ake neman wanda zai fara cin wasa huɗu, tana gaba da 3 da 1, amma Cleveland Cavaliers ta LeBron James ta ci uku a jere ta ƙwace kofin. A besbol kuma, Chicago Cubs da rabonta da kofi tun 1908, ita ma ta farfaɗo daga 3 da 1 ta ɗauka a watan Nuwamba, bayan jiran shekara 108. Wasanni uku daban-daban, a shekara ɗaya, kuma a kowanne masu sharhi da ke da kwamfutoci da alƙaluma fiye da namu sun sha ƙasa.

Idan kana ganin wannan ya yi nisa, mu dawo gida. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a farkon 2024, Super Eagles ta doke mai masaukin baƙi Kwaddebuwa da ci ɗaya mai ban haushi a rukuni. Equatorial Guinea ta zuba mata huɗu ba ko ɗaya, har aka sallami kocinta ana tsakiyar gasa. Kowa ya gama yi mata jana'iza. Ranar 11 ga Fabrairu a Abidjan, Troost-Ekong ya fara ci mana, majalisu suka fara rabon kofi, sai Kessié ya farke, Haller ya ƙara, aka tashi 2 da 1. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Mu ma nan Ƙofar Mata mun taɓa ba duniya mamaki. A 2009 Kano Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin Zakarun Afirka a lokacin. An yi 1 da 1 a gida, aka yi 2 da 2 a Alƙahira, Sai Masu Gida suka wuce da ƙwallon waje, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan Pillars ɗin da ta ɗauki gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin Aiteo a Kaduna a 2019, ita ce ta faɗa rukuni na biyu a 2022 kafin ta dawo a 2023. Da wani ya hasaso wannan faɗuwar a 2014, da an ce ya samu taɓin hankali.

To me ya sa haka? Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cika zura ƙwallaye da yawa ba. Bugun fenareti ɗaya, ko jan kati, ko santsin mai tsaron gida, ya isa ya juya wasan da ƙungiya ta mamaye tsawon minti 90. Ƙungiya mai ƙarfi takan yi nasara idan aka tara wasanni da yawa, amma a wasa guda komai na iya faruwa. Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 a Qatar a 2022, kuma Ajantinar ce ta ɗauki kofin duniya a ƙarshe. Ko a ƙwallon kwando da ake tara maki da yawa, D'Tigers ta Najeriya ta doke Amurka da 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a Yulin 2021.

Yanzu mu zo kan aljihu. A 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, kuma a watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da hurumin tsara dokar caca. Amma ni da kai mun san shagon ya koma cikin waya. Ba sai an gan ka a layi ba, kana kwance a ɗakin zaure za ka tura kuɗi. Hukuncin addini a bayyane yake, Suratul Ma'ida ta haramta caca, kuma malamai sun fi ni iya bayani a kai. Ni lissafi kawai zan ƙara maka.

A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, kuma dole ɗaya ta yi nasara. Adalci shi ne wanda ya sa naira 100 ya ci, a ba shi 200. Kamfani kuwa zai ba shi ƙasa da haka, a ce 190. Idan mutum 1,000 suka bi wannan ɓangare, 1,000 suka bi wancan, kamfanin ya tara naira 200,000, ya biya 190,000, ya soke 10,000 ko wa ya ci. Shi ba hasashe yake yi ba, kasuwanci yake yi, kuma ribarsa tana cikin kowane tikiti tun kafin a take leda.

Sai kuma tikitin nan mai wasanni goma da ake wa kirari da cewa ɗari biyu za ta zama dubu ɗari. A ce kai gwani ne na gaske, kana dacewa sau 7 cikin 10 a kowane wasa. Damar a ce duka goman sun zo daidai a tikiti ɗaya ba ta kai 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum labarin iri ɗaya ne: wasa ɗaya ne ya ɓata min. Ba rashin sa'a ba ne, malam, haka aka gina abin. Kuma kuɗin da ke tafiya ba na banza ba ne. Kuɗin rajistar makaranta ne, jarin da maigida ya bari a shago a Kurmi ko Kwari, adashen mahaifiya, wani lokaci har wayar da ake cacar da ita.

Ka kuma yi hattara da masu sayar da "tabbas" a Telegram da WhatsApp. Dabarar tsohuwa ce. Mutum ya tara lambobi 800, ya ce wa rabi za a zura ƙwallo uku ko fiye, ya ce wa rabi ba za a kai uku ba. Dole 400 su ga ya dace. Ya sake raba su biyu, 200 su ga ya dace sau biyu. A karo na uku mutum 100 za su rantse cewa yana da sirri, sai ya ce a biya kuɗin shiga rukuni na musamman. Tambayi kanka, wanda ya san sakamakon gobe da gaske, me zai yi da dubu biyunka?

Ɓangare na biyu shi ne zumunci da mutunci. Wanda ya riga ya yanke cewa dole ƙungiyarsa ta ci, idan aka doke ta ba zai ce an fi mu ba. Zai ce an sayi alƙalin wasa, ko ya huce a kan na kusa da shi. Daga tsokana a koma zagin iyaye, a fita daga rukunin WhatsApp, abokan da suka yi makarantar allo tare su daina gaisawa saboda 'yan wasan da ba su san akwai wata unguwa Jakara a duniya ba. A filin wasa kuma abin ya fi muni. A watan Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi a filin Sani Abacha, wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalai da baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars, ta zabtare mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina. Wato masu cewa sun fi kowa son ƙungiyar su ne suka ƙwace mata makin da 'yan wasa suka sha wuya a kai, suka hana sauran jama'a kallo, suka kuma hana mai sayar da ruwa da gurasa a bakin fili cinikinsa. Garin neman gira aka rasa ido.

Ba cewa nake a daina musu ba. Majalisar da ba musun ƙwallo ai ta zama zaman makoki. Cewa nake mu gyara yadda muke yin sa.

Na farko, raba goyon baya da hasashe. Ka ce ina fata mu ci, wannan zuciya ce. Ka ce ina ganin za mu ci saboda kaza da kaza, wannan hujja ce, kuma ita ake tattaunawa: wa ya ji rauni, wa aka dakatar, wasa nawa suka buga a makon, a gida ne ko a waje.

Na biyu, ku buɗe littafi a majalisarku ko a rukuninku. Kowa ya rubuta hasashensa kafin wasa, ba kuɗi, ba jingina. A ƙarshen wata a duba. Za ku sha dariya, kuma za ku gane cewa mai ɗaga murya ba shi ne mai dacewa ba. Dukkanmu muna tuna ranar da muka dace, mu manta sau biyar da muka kauce. Littafi ba ya mantuwa.

Na uku, tsokana ta tsaya a kan ƙungiya. Ka yi wa abokinka dariya an ci su biyar, gobe shi ma zai rama. Iyaye da addini da ƙabila da sana'ar mutum ba sa cikin wasa.

Na huɗu, mu kawo wani kaso na musun nan gida. Da yawanmu za mu lissafo 'yan benci na Arsenal ko Chelsea, amma mu kasa kawo sunan 'yan wasan Pillars biyar bayan Rabiu Ali da Ahmed Musa. Nawa ne cikinmu suka san Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon kwando da ta sha ɗaukar gasar ƙasa? Nawa ne suka yi musu a kan D'Tigress, 'yan matan da suka ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, suka kuma zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwandon Olamfik a Paris a 2024? 'Yar'uwa, wannan filin naki ne ke ma, kar ki bari a ce miki musun wasa na maza ne.

A ƙarshe, idan Allah ya ba ka basirar karanta wasa, akwai inda za ta yi maka rana. Gidajen rediyon Kano suna da shirye-shiryen wasanni, jaridun intanet na neman masu rubutu da Hausa, kuma waya ɗaya ta isa ka fara sharhin wasannin unguwa da ba mai ɗauka. Mai sharhin kirki yana cewa ga abin da nake gani da dalilina, ya bar sauran ga fili. Shi ake sake saurara mako mai zuwa, ko ya dace ko bai dace ba.

Ku turo mana hasashenku na wannan mako tare da hujja, kuma ku haɗa da wasan Pillars a ciki. Kuɗinku kuwa ku bar shi a aljihu. Sai mun haɗu a mako na gaba, in Allah ya kai mu.